Fiyus Ɗin da Ya Bari a Leda

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da cewa ni ce mai korar samari da halina, yau ku gyara zama, don abin da na gani ranar Asabar ya isa ya sa mace hawan jini. Wanda bai san ni ba kuma, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a cikin 'ya'ya mata huɗu na wani tsohon rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Allah bai ba Baba namiji ba, sai ya ba shi ni. Tun ina 'yar shekara tara nake miƙa masa filaya, kafin in gama sakandare kuwa na san hanyar kowace waya daga batir har fitilar baya. Yanzu idon Baba ya yi rauni, an rufe shago, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wannan iyawar ce ta zame min laifi a gidanmu. Saurayina na farko motarsa ta ƙi tashi a ƙofar gida, na fito da silifas na taɓa waya biyu ta tashi, tun daga ranar ban sake ganin ko ƙeyarsa ba. Na biyu a bakin mutane ya ji labari, ya ce shi ba zai auri macen da za ta riƙa gyara masa zance a gaban bakanike ba. Daga nan Mama da Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, suka kafa min doka. Akwatin kayan aikina ya hau saman wadirof, aka danne shi da tsofaffin barguna. Duk namijin da ya zo wurina, hannuna a cinya, bakina a kan gaisuwa, in an yi zancen mota in yi murmushi kamar ban san inda ake zuba mai ba.

Sai ga Ɗan Gayu. Yayyena ne suka sa masa sunan, saboda har hankicinsa guga yake sha. A ɗakin gwajin jini na asibiti yake aiki, mutum ne mai sanyin magana, mai lura da ƙananan abubuwa, in na canza ɗan kunne shi ke fara gani. Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi. Wata biyar muna tare, har manya sun fara gaisawa, kuma Gwaggo da bakinta ta je ta shaida wa mahaifiyarsa cewa ni ko ƙwan fitila ban iya canzawa ba. A wurinta wannan yabo ne.

Ranar Asabar da hantsi ina shara wayata ta yi ƙara, saƙon Ɗan Gayu ne.

"Kina gida? Ina zuwa da abin mamaki. Ki roƙar min Mama aron inuwar bishiyarku."

Na rubuta masa cewa inuwa tasa ce. Kafin in ajiye tsintsiya Mama ta karanta saƙon ta bayan kafaɗata, ta kora ni wanka. Ta ciro min doguwar rigar nan ruwan zuma mai faɗin hannu da duwatsu a wuya, wadda ko tire ba a ɗauka da ita sai da dabara, da mayafi mai santsi wanda ba ya zama a ka, da awarwaro shida. Ta ce in sa dogon takalmi. Na ce Mama tsakar gida fa zan zauna. Ta ce tsakar gidan ma ido ne da shi.

Da ya iso, ya buɗe but ya fara fito da kwalaye yana murmushi har kunne. Sabuwar rediyo mai allo, amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, sifiku biyu, da wani dunƙulen jar waya mai kaurin ɗan yatsana. Ashe wata rana da na ce rediyon motarsa ba ta iya komai sai shuuu, maganar ta zauna masa. Ya ce kwana uku yana kallon bidiyo a waya, ya gane komai, da hannunsa zai haɗa don ni. Ya ƙara da cewa so yake ya gama a ranar, domin gobe da sassafe zai kai mahaifiyarsa wurin ƙanwarsa da ta haihu, tafiyar awa huɗu, su je suna sauraren abin da suke so.

Zuciyata ta yi daɗi, wallahi ta yi. Daɗin bai kai minti goma ba.

Aka ajiye min farar kujerar roba a gefen mota, da tire da lemo da kofuna biyu. Gwaggo ta kafa kai a tagar kicin tana gadina. Ɗan Gayu ya naɗe hannun riga sau biyu cif, ya jingina wayarsa a sitiyari, ya kama aiki ba tare da ya ko kalli batir ba. Jama'a, abu na farko da Baba ya koya min, tun kafin in san sunan sukudireba, shi ne a cire kan batir kafin a taɓa kowace waya. Na yi tari. Ya ɗago ya ce in sha lemo.

Ya ɓamɓare fuskar dashbod da ƙarfin tsiya, ina jin ƙananan haƙoran roba suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar a bakina ake cire shi. Ya zaro tsohuwar rediyo, ya fara haɗa wayoyi yana tsayar da bidiyo yana komawa baya. Can wata waya ta taɓa ƙarfe, ta yi tartsatsi, tas. Baba yana baranda a kan kujerarsa, ido ba ya gani sosai amma kunne na nan garau.

"Wa ke aiki a gidan nan bai cire kan batir ba?"

Kafin ya rufe baki Mama ta bayyana kamar daga ƙasa ta tsiro, ta ce rana ta yi masa yawa, ta tasa shi zuwa falo. Yana tafe yana cewa a ce wa Auta ta ɗauko akwatinta mana, Mama tana ɗaga murya tana cewa akwatin ɗinki yake nufi. Ɗan Gayu ya yi dariya ya ce tsofaffi akwai ban sha'awa. Ni kuwa na cusa gefen mayafi a baki.

Abin da ya biyo baya shi ya kusa sa ni kuka. Ya tura amfilifaya ƙarƙashin kujerar gaba. Baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya ɗaura ta a kan notin kujera da fentinsa da komai, bai kankare ba. Wannan mai sauƙi ne, ƙara kawai za ta riƙa yi. Amma jar wayar nan mai kauri, wadda ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir, sai ya rasa ta inda zai shigo da ita cikin mota. Ya duba nan, ya duba can, ya yi tsaki, ya biyo da ita ta gefen bonet, ya shigo da ita ta maƙogwaron ƙofa, daidai inda ƙarfe ke cizon ƙarfe duk lokacin da aka rufe. Sannan ya ɗaga 'yar leda mai ɗauke da fiyus da gidansa, ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ina jin na ajiya ne, ko da wani ya lalace."

Ya jefa ta cikin kwali. Na ce, cikin muryar da ban san ina da ita ba, anya masu kamfani za su saka abu a banza? Ya kalle ni da tausayi, ya ce kada in wahalar da kaina, harkar wuta sai wanda ya karanta. Daga taga Gwaggo ta zare min ido ta ja yatsa a kan leɓenta.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Fiyus shi ne mai gadin waya. In ƙofa ta ci rigar wayar nan ta kai ga tagulla, ta taɓa jikin mota, fiyus ne zai ƙone shi kaɗai, magana ta ƙare. In babu shi, wayar ce za ta yi ja kamar garwashi tun daga batir har ƙarƙashin kujera, kuma kafet da soso ba sa jiran a roƙe su kafin su kama. A kan kujerar nan mahaifiyarsa za ta zauna gobe, awa huɗu, a kan hanya mai gargada. Na taɓa ganin motar da hakan ta faru da ita an jawo ta shagon Baba, ban manta warin ba har yau.

Ya tada mota, ya kunna. Kiɗa ya tashi, har kofunan tire suna rawa. A ƙarƙashin kiɗan kuma wani siririn kuka, wiii, yana hawa in ya taka mai, yana sauka in ya saki. Ya ce sabon abu ne, zai washe. Ya zauna ya saita agogon allon daidai da na hannunsa, har da jiran minti ya cika, ya juyo yana jiran yabo. Na ce sannu da ƙoƙari. Ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba, ga shi ya haɗa gumi saboda ni, ga ni na san abin da ya ɗana.

Allah ya taimake ni Mama ta leƙo ta ce ya shigo falo su ci abinci da Baba. Ya wanke hannu sau biyu, ya kakkaɓe wando, ya shiga. Na san Baba, in ya samu mai saurare ba ya sakin mutum ƙasa da rabin awa. Na duba hagu na duba dama, na tuɓe takalmi a ƙarƙashin kujera, na bi ta ƙofar baya na haye kan gado, na ture barguna, na sauko da akwatina. Ina buɗe shi na ji kamar na ga 'yar'uwata da ta daɗe a tafiya.

Na buɗe bonet, na ɗauki sifana lamba goma na cire kan batir. Ina cikin zare jar wayar daga maƙogwaron ƙofa na ji numfashi a bayana.

"Na shiga uku. Auta, so kike ki kashe uwarki?"

"Gwaggo, ko dai in gyara, ko gobe a kira mu a ce motarsa ta kama da wuta da uwarsa a ciki. Zaɓi ɗaya."

Na nuna mata wayar, tuni ƙofa ta yi mata shaida biyu a rufewa biyu kacal. Gwaggo ƙanwar rewaya ce, ko ba ta iya ba ta san ma'anar wannan. Ta yi salati, ta miƙo hannu ta ce in ba ta awarwaron kada su tona mana asiri. Haka ta tsaya a bakin baranda, mayafina a kafaɗarta, awarwarona a hannunta, tana leƙen falo tana zagina ƙasa-ƙasa, wai ni ce jarabar da aka aiko wa zuriyarsu, in yi sauri.

Na kwanta a ƙarƙashin dashbod da rigata mai duwatsu, ƙafafu a waje. Na lalubo robar da wayoyin mota ke bi su ratsa daga wurin inji zuwa ciki, na huda ta, na zura jar wayar ta nan, na bi da ita ƙarƙashin kafet. Wurin da ƙofa ta ciza na yanke na jefa cikin kwalinsa. Na tono ledar daga kwali, na ɗaura fiyus tazarar taƙi ɗaya daga batir. Na kwance notin kujera, na goge fentin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na mayar da baƙar waya na ɗaure tamau. Sannan na naɗe kowane haɗi da baƙin salatif, na lanƙwasa ƙarshensa na bar masa ɗan kunne. Haka Baba ke yi, wai don wanda zai zo gyara a bayanka ya samu wurin kamawa, kada ya zage ka. Ban ma san na yi ba, hannuna ne ya yi abinsa.

Ina mayar da kan batir Gwaggo ta yi gyaran murya. Na rufe bonet a hankali, na tura akwati bayan tankin ruwa, na faɗa kujera. Tana zura min awarwaro yana fitowa.

Ya tada mota zai tafi. Kiɗa ya tashi tas, babu wiii ko na magani. Ya taka mai, shiru. Ya ce ba ya faɗa ba, ga shi ta washe. Sai idonsa ya sauka kan allo. Agogon da ya ɓata minti biyar yana saitawa ya koma sha biyu daidai yana ƙiftawa, don duk rediyon da aka yanke wa wuta haka take yi. Wannan kam na manta da shi shaf. Ya daɗe yana kallon agogon, ya kalle ni, ya kalli Gwaggo. Gwaggo ta ce kayan zamani ai sai haƙuri. Ya yi sallama ya ja mota.

Get na rufuwa Mama ta kama hannuna ta juya shi. Baƙi a ƙarƙashin farce uku, hannun riga ya tsage, duwatsu biyu sun zube. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta zauna a bakin gado ta ce shekara talatin tana wanke kaya masu baƙin mai, tana jin yadda mutane ke kiran Baba daga cikin mota ba tare da sun sauko ba. Ta ce ba ƙin iyawata take yi ba, tsoro take kada in tsufa a ƙarƙashin motocin mutane, sa'annina suna gidajensu. Na ce mata na ji, amma da zan bar tsohuwar mutane ta zauna a kan wuta don a ce ni 'yar gidan mutunci ce, gara in tsufa a can ɗin. Ta ce bakina ma wani abin ne da ya kamata a ɗora saman wadirof.

Da la'asar muna zaune a falo, kowa ya yi kicin-kicin, wayata ta yi ƙara. Hoto ne. Fiyus ɗina ne zaune kusa da batir, an matso da kyamara har kunnen salatif ya fito raɗau. Saƙo ya biyo baya.

"Agogon ne ya hana ni sukuni, na buɗe bonet. Wannan ba aikina ba ne."

Wani ya sake shigowa.

"Irin wannan kunnen na gani a ƙafar gilashin Baba, da wayar fankarku, da bayan rimot. Amma Baba yana gabana tun da na shiga har na fito. Mama ce ta kawo abinci. Saura mutum biyu. In Gwaggo ce, ki gaya mata ina neman ta ɗauke ni koyo."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce ita kada a sa ta a ciki. Mama ta karɓe wayar ta karanta sau biyu, ta ce in rubuta cewa wani tsohon abokin aikin Baba ne ya biyo gaisuwa, ya gani ya gyara. Ta ce kalma goma ce kawai, daga nan komai ya wuce. Baba, wanda muka ɗauka barci yake, ya ce daga kujerarsa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mama ta ce shi ya ja mana duk wannan.

Na karɓi wayar. Na rubuta ƙaryar har rabi, na tsaya. Na tuna cewa in ta wuce yau, gobe akwai fanka, jibi akwai janareto, haka zan ƙare rayuwata ina tari a kan farar kujera ina kallon mijina yana jefa fiyus a kwali. Na goge. Na fita bayan tanki na ɗauko sifana lamba goma, na riƙe ta da hannun nan mai baƙin farce da awarwaro shida, na ɗauki hoto na tura. A ƙasa na rubuta: "Ni ce. Tun ina shekara tara. Ba ka cire kan batir ba, ka bi da waya ta ƙofa, kuma fiyus ba na ajiya ba ne."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Daga nan ɗif. Minti goma, ashirin, arba'in. Mama ta tashi ta shige ɗaki, Gwaggo tana ta lissafa min yawan samarin da suka rage a duniya, a ƙirgenta ba su kai biyar ba. Ni kuwa haushi da tsoro suka kama ni. Na ce a raina, tafi, kai ma tafi, ai dai uwarka za ta isa lafiya.

Rana ta kusa faɗuwa sai gilashin tagar falo ya fara 'yar rawa. Dum, dum, dum, daga kan kwana, yana matsowa. Na san wannan sautin, ni na ɗaure masa waya. Ya zo daidai get ɗinmu ya tsaya, aka kashe. Wayata ta haska.

"Sifikar hagu ba ta magana, ita ma aikina ce. Ki fito da akwatinki. Ba ni kaɗai ba ne, Umma tana mota. Na nuna mata wayar da kika yanke kika jefa a kwali, ta ce sai ta ga hannun da ido."

Gwaggo ta tuna abin da ta je ta faɗa wa matar nan da bakinta, ta ce ita cikinta ya murɗa, ta yi hanyar banɗaki. Na ɗauko akwatin, na nufi ƙofa. Mama tana tsaye a bakin ƙofar, ta tare hanya, idonta ja. Na ɗauka ƙwace shi za ta yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuna ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe min tsagaggen hannun rigar har gwiwar hannu, ta matsa gefe.

Ban san da wace fuska matar da ke cikin motar nan take jirana ba, ko ta godiya, ko ta wadda aka yi wa ƙarya ta zo ta tabbatar. Na sa hannu a sakatar get, sai na ji muryar Baba daga falo.

"Auta. Ki fara cire kan batir."